Kara Ɗaya

A Chamelecón kantina yake,
taga ɗaya, da ragar ƙarfe tsakanina da mai saye.
Ta nan nake miƙa wake, shinkafa, ashana,
ta nan nake kallon yara suna girma,
ko suna fasa girma.

Nahún na san shi tun yana tatata.
Yakan zo da lempira biyu jiƙe da gumin tafinsa,
ya ce alewa ja, ba koriya ba,
ya tsaya ƙirga canji kamar akawun banki.

Talatar da aka harbe Wilmer a tashar bas
yaron na riƙe da jakar yayan nasa.
Jakar kaɗai ya mayar gida.
Aka wanke kwalta. Laraba aka buga ƙararrawa,
malama ta ce a buɗe shafi na arba'in.
Ba wanda ya tambaye shi
inda ya ajiye abin da idonsa ya gani.

Wata uku bai ce uffan a tagata ba.
Ran da ya buɗe baki: Doña Ermelinda, kara ɗaya.
Na ce, na wa?
Ya ce, na kawuna.
Kawun da ya tsallaka iyaka tun bara waccan.
Na miƙa masa. Allah Ya gani, ni na miƙa.
Shekararsa goma sha biyu.

Yanzu a bayan shagon mai gyaran takalma yake yini,
hanci cikin leda, sholisho na lasar ƙwaƙwalwa.
Na ce, ɗana, abin nan kashe ka zai yi.
Ya dube ni da idon dattijo:
Wilmer bai taɓa shan komai ba.
Harshena ya yi nauyi kamar buhun gishiri.

Uwarsa ta ce barci ba ya zuwa sai ya sha.
In salansar babur ta fashe a layi
yana ƙarƙashin gado kafin ƙarar ta mutu.
Amma da rana shi ke lilo a ƙofar bas da hannu ɗaya,
shi ke ratsa titi ba waige,
kamar mai bin mutuwa bashi.

Ga Dilcia kuma, ta gidan da ake jin faɗuwar kwanuka da dare,
da muryar uba, da shirun uwa.
Riga mai dogon hannu take sawa a tsakiyar zafi.
Kwalbar lemonta ba lemo ne a ciki ba.

An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ba a faɗi yadda ake yi
da wanda gatari ya sara tun yana ɗanye ba.

Wata nas ta zo makaranta da takarda:
Ka taɓa shan taba? Giya fa? Sau nawa?
I ko a'a.
Babu gurbin Talata a takardar.

Jiya da magariba ya dawo. Kara ɗaya.
Na ce ta ƙare, alhali ga kwalin a bayana.
Na tura masa alewa ja ta ƙarƙashin raga.
Ya daɗe yana kallonta,
ya juya, ya bar ta a bakin taga.

Da safe babu ita.
Na duba ko tururuwa ce.
Amma tururuwa ba ta tafiya da leda.