Naga, Na Ga

Gwaggo Tamo ta zo Yamai daga Buza
a kankare mata yanar ido.
Kwana uku da aiki, auduga manne a hagu,
na ce, "Yau ba tuwo, fita za mu yi."
Ta ce, "Ɗan nan, albashi ke maka ƙaiƙayi,
ko tukunyar gidanku ce ta fara tsagewa?"

Can ƙuryar Yantala, bayan mai facin taya:
ƙofa shuɗiya, tebur huɗu, fanka mai tari,
mayafi ja da baƙi rataye a bango,
hoton duwatsu da gajimare ya naɗa wa rawani.
Mai wurin, Hokali, ƴar guntuwa, yatsu duk tabon wuta.
Mijinta na haƙar rijiyoyi wajen Tilaberi,
zaman jira ya ishe ta, ta kama dahuwa.

Ta dafa ƙirji, ta ce, "Naga."
Gwaggo ta ce, "Ni ma na ga,
da ido ɗaya dai, kafin ɗayan ya yi warkewa."

Sai ta zungure ni: "Tambaye ta,
babu naman mai dogon baki?"
Hokali ta girgiza kai har ƴan kunnenta suka yi rawa.
A garinsu akwai. Nan sa ne, yankan Wadata,
da kifin kogi, ita ta banda shi da kanta
bisa waya, a bayan ɗaki, dare har wayewa.

Aka kawo. Shinkafa fara sol, ba mai.
Ganye dafaffe, tsirara, ko ƙuli babu.
Tohon gora mai tsami kamar tsohon gasara.
Da wani barkono guda, mai tamoji, a gefen faranti.
Ni da na ci yajin masu tsire tun ina yaro
na gatsa don a gani.
Kunnena ya yi kiɗa, hawaye ya sauko har haɓa,
na sha ruwa kofi uku, wutar ba ta san mutuwa.

Gwaggo ba ta taɓa komai ba.
Hancinta kawai ke tafiya, kamar na mai neman gida.
Ta jawo kwanon naman. Ta yi shiru.
Ta ce, "Kai. Wannan ai daddawa."

Ba sallama, ba izini, ta ɗaga labule.
Na bi ta da sauran hawayena.
Bisa murhu ƙunshin ganyen ayaba na shan hayaƙi.
"Akuni," in ji Hokali, ta kwance guda:
waken soya, ya kwanta, ya yi yauƙi, ya yi duhu.
Gwaggo ta kwance bakin zani,
ga curin batso, nata, na hannunta,
wanda ko asibiti ba ta je ba tare da shi ba.
Wannan ta shinshina na waccan,
waccan ta shinshina na wannan.
Hokali ta ɗaga yatsu huɗu. Gwaggo ta ɗaga biyar.
Hokali ta toshe hanci, ta kwaikwayi maƙwabta,
Gwaggo ta yi dariya har ta dafe audugar,
ita da shekara arba'in ƴan unguwa ke wa tsiya,
in dare ya yi su aiko yara da kwano a ɓoye.
Ni mai Faransanci, mai takardu,
na tsaya bakin ƙofa, ba wanda ya nemi fassarawa.

Jika shida na biya. Ta cinye tas, har ganyen.

A taksi ƙunshin na kan cinyarta,
direba ya sauke gilashi, bai ce uffan ba.
Ta ce, "Gishirinta ya yi kaɗan.
Kuma ta yi gaggawa, kwana guda ya rage.
Jibi ka maido ni, akwai abin nunawa."

Mun kusa gida ta sake tambaya,
"Ƙasar tasu, me ka ce sunanta?"
Na faɗa.
Ta gyara ƙunshin, ta ce, "To. Na ga."