Wa Zai Sa Hannu?

Shekarun Sahabi talatin da ɗaya.
Bai taɓa kwana a asibiti ba,
zazzaɓin damina ma kewaye shi yake yi.
Ran Laraba ya ɗaure buhun albasa biyu a bayan babur,
ya ce wa Kulu, "Rufe min tuwona, ba zan kai la'asar ba."
Tsakanin Aliero da Jega
akuya ta tsallaka titi.
Shi ke nan fa. Akuya.

Masu ɗorin garinmu, da ake yo musu takakkiya daga nesa,
sun haɗa ƙashin cinyar.
Harshe ne ba shi da mai ɗori.
Yana kwance a Birnin Kebbi, ido buɗe,
yana bin fanka da kallo,
bai gane ni ba, ni da na karɓi nono daga bakinsa.

Likita ya rubuta adadi a 'yar takarda.
Kuɗin suna nan, mun sani,
cinikin tirela guda da ya tura Kudu,
suna kwance a banki, shiru, kamar mai su.
Muka je da Kulu da goyonta.
Ma'aikacin har miƙewa ya yi don ladabi:
"Allah ya ba shi lafiya. Ina takardar wakilci?"
Kulu ta ce, "Ni ce matarsa."
Na ce, "Ni ƙanwarsa, ciki ɗaya."
Ya ce, "Ban musa ba, wallahi.
Doka ce ba ta karanta kamannin fuska."

Da dare na kama babban yatsan yayana,
na danna shi a kan gilashin wayarsa
ina waige-waige kamar ɓarauniya.
Wayar ta buɗe. Asusun ya nemi lambobi huɗu.
Suna cikin kan da ya daki kwalta.

Can gida albasa na jira a rumbu.
Kawu Lawali ya ce a sayar yau.
Baffa Nomau ya ce a bari ta yi tsada.
Dillali ya shafa gemu, ya ce,
"Ni dai ku nuna min wanda zan ƙirga wa kuɗi,
kar gobe mai kaya ya tashi ya kai ni gaban alƙali."
Kowa mai ƙaunarsa ne, na rantse,
babu mugu a cikinsu ko ɗaya.
Suna ta shawara a zaure
har wari ya shigo ya yanke musu hukunci.
Kulu ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinki.

Ni shekarata ashirin da shida.
Ba ni da tirela, sai albashin koyarwa
da fegi ɗaya da nake biya kaɗan-kaɗan.
Duk da haka na hau mota zuwa wurin lauya,
da shaidu biyu, na faɗi sunan wadda na yarda da ita,
abin da za ta taɓa, da inda hannunta zai tsaya.
Aka buga hatimi.

Inna ta ga takardar, ta ja tsaki:
"Ɗiyar nan, mutuwa kike kira?"

Na ce, Inna, ba mutuwa ba ce.
Mamaci yana da magada, Littafi ya faɗi rabon kowa.
Mai lafiya yana da bakinsa.
Na tsakiya fa?
Wanda ake gaisarwa ba ya amsawa,
ba a yi masa sallah ba, ba ya kuma iya cewa "na yarda"?
Tawakkali na yi, amma sai da na ɗaure akuyata.

Ba ta ce komai ba. Ta ninke takardar,
ta sa ta ƙarƙashin kwallar da take ajiye turare.

Jiya Sahabi ya motsa yatsa, wancan babban.
Kulu har yanzu tana rufe tuwon.