Giris da Man Kaɗe

Lubabatu ta shigo Panteka da hantsi,
takardar zane a hannu, tana cigiyar boris.
Na ce, me za ki yi da boris, 'yar boko?
Ta ce, Baba, gwiwa zan ƙera.

Na yi dariya har tabaran walda ya zame.
Shekara talatin ina dukan ƙarfe a rumfar nan,
ƙofa, murhu, injin markaɗe,
ban taɓa jin mai odar gwiwa ba.

Muka tono mata injin waifa na wata matacciyar Fijo,
da sarƙar keke,
da noti shida, babu biyun da suka haɗa uwa.

Bayan mako uku ta kawo shi gida Tudun Wada,
ta girke shi gefen turmi:
mutum-mutumi, ƙafa biyu, ba kai,
waya ja da baƙa a gurbin jijiya.
Ta latsa maɓalli.
Ya durƙusa. Ya miƙe. Ya sake durƙusawa,
ba nishi, ba wash, ba lalumen bango.

Ni kuwa tawa tun damina take kuka
kamar ƙyauren da aka manta da shi.
Likita ya haska, ya ce guringuntsi ya cinye.
Na ce a wane layi ake sayar da sabo?
Ya rubuta mini ƙwaya.
Yanzu a kan kujera nake sallah,
goshina na kewar ƙasa.

Na ce da ita, naki in ya gaji fa?
Ta ce, sifana lamba goma,
a kwance, a sa giris, a ɗaure.
Na ce, to ni sifanata na hannun wa?

Ba ta amsa ba. Ta zare batir,
ta ɗauko kwalbar man kaɗen uwarta,
ta ɗora ƙafata a cinyarta.
Yatsunta, da sauran baƙin mai a farce,
suna bin ƙashi suna tambaya,
nan ne? Nan fa?
Ta ce, lanƙwasa a hankali,
ta kara kunne
yadda nake kara wa inji.

Can ta ce, gaɓa huɗu kacal na yi masa, har na rame.
Kai kuwa, in ji malamai, ɗari uku da sittin,
kuma ba a taɓa kwance ko ɗaya ba.

Abin ƙarfen na durƙushe inda wuta ta bar shi,
kaza na leƙa masa ƙugu.
Aka kira magariba.
Na ce, Luba, janye kujerar nan,
riƙe ni ta dama.