Mataki na Arba'in

Ƙarfe uku na dare a Bradford.
Hita ta mutu, shayi ya huce.
Maharbiyata Kurciya saura maki ɗari biyu
ta taka mataki na arba'in.

Kwana tara muna bin sawun dodo a dajin ƙanƙara,
ni da wani ɗan Leeds
da ban san fuskarsa ba, sai tarinsa a kunnena.

Kibiya ta ƙarshe. Dodo ya kife.
Haske ya lulluɓe ta:
sabon baka, sulke mai ruwan zuma.
Na danne ihuna cikin matashi,
Sadisu na barci, aikin asuba gare shi.

Na miƙe, gwiwata ta yi ƙara.
Bas ta ƙarfe shida ba ta jiran maharba.