Nauyinsa Na Safe

Tsayabu ya dawo bayan la'asar,
kwalin fitilun sola a kansa,
da nauyinsa na safe.
Mokoyo, Bagalam, har bakin Gulbi:
“Sai an sayar da gyaɗa.”
“Maigidan ba ya nan.”
Wata ƙofar ma kare ne ya amsa sallama.

Su bakwai na ɗauka watan jiya.
Biyu sun koma kabu-kabu,
ɗaya ta bar mini littafin rasiɗi wurin mai shayi,
ko sai anjima babu.

Ban buɗe masa lissafin kamasho ba.
Na tura masa kwanon fura,
na nuna masa takalmina na farko,
yana rataye bayan ƙyaure, dunduniya a cinye.
Kwana goma sha ɗaya, na ce,
kafin wata tsohuwa a Jiratawa
ta kwance jika uku daga bakin zane.

Gobe tare za mu fita.
Ni zan yi sallama,
kai ka kunna fitilar cikin zaure, inda duhu yake,
ka yi shiru.

Ya daɗe yana juya ludayi.
Can ya ce, “Ƙarfe nawa?”