Ambulan Ɗin Toivo

Shekara goma sha tara nake magatakardar garin nan
na bakin tafkin da ke daskarewa tun mutane ba su shirya ba.
Ofishina a ƙasan bene yake,
kusa da injin ɗumama ɗaki mai tari irin na tsofaffi.
Na fi sanin rubutun mutane da fuskokinsu.

Saura kwana goma sha ɗaya zaɓe
ambulan ɗin Toivo Halonen ya iso.
Sa hannunsa ya karkace
kamar shingen da ƙanƙara ta kwana a kai.
A ƙasa Marlys maƙwabciyarsa ta sa nata, ita ce shaida,
ta rubuta adireshinta kaf, har lambar gida,
don bara sai da na kira ta a kan layin da ta tsallake.
Ta ce, "Ai kin san ni."
Na ce, "Ni na san ki. Takarda ba ta san ki ba."

Toivo da can shi ke buɗe layi,
bakwai saura, da butar kofi a hammata,
yana faɗa da kowa a kan kuɗin gyaran rufin makaranta.
Bana ƙafa ta ƙi, numfashi ya koma na roba.
Ya bugo waya: "Ya iso?"
Na ce ya iso.
Ya ce, "To, kar ki bar ɓera ya riga ku ƙirgawa."

Na buga hatimi, na rubuta rana,
na jera shi tsakanin na wata ɗaliba da ke birni
da na direban babbar mota da ba ya kwana gida.
Na kulle akwati.

Asabar ya cika.
Zaɓe Talata.

Ya yi sammako, bawan Allah,
ashe ajali a hanya ya kwana.

Dokarmu a nan ba ta da dogon zance:
wanda bai ga wayewar ranar zaɓe ba,
in labari ya tabbata, ƙuri'arsa ba ta shiga lissafi.
In labari ya tabbata.
Na daɗe ina juya kalmomin nan a baki kamar tsakuwa a shinkafa.
Wa zai ce na ji?
Sai dai ni na kai kwanon dankali gidan makoki,
ni na riƙe wa Marlys kwat tana kuka.

Litinin da dare na buɗe akwati.
Hannuna ya san wurin, bai ko lalube ba.
Na ɗaga ambulan wajen fitila,
sai kunya ta kama ni, na sauke.
Abin da bai faɗa wa kowa ba yana da rai
ba ni zan sata ba don ya rasa bakin hanawa.
Na ɗauki jan biro.
Harafi biyu na farko suka fito ba tawada,
sai da na sake bi.

Da na ce da ƙuri'a ɗaya aka rabu,
da labarin ya fi daɗin ji.
Ba haka aka yi ba.
Rufin makaranta ya ci da tazarar tamanin da shida,
kuma har yau ban san ko murna Toivo zai yi
ko ya buga sanda a ƙasa ba.

Ambulan yana ɗakin ajiya, bakinsa a liƙe da yawun mai shi,
zai jira wa'adin da doka ta yanka, sannan injin yanka takarda.
Wani lokaci in na sauka ɗauko fayil
nakan tsaya daidai kwalin,
in ce, "Ya iso, Toivo.
Ɓera bai ci ba.
Ni ce."