Takarda a Hannuna, Makulli a Nasa

Kuɗin riɗin shekara shida,
da shanu biyu da na kai Maigatari,
su na ƙirga a gaban mai unguwa
na sayi gidan marigayi Barau
a bayan kasuwar Gujungu.
Ɗaki huɗu, zaure, rijiya.
Dillali Jibo ya soke la'adarsa a aljihu,
bai ce mini akwai ƙaya a ciki ba.

Uku sun kwashe kayansu kafin Juma'a.
Na huɗun, Tsalha mai gyaran rediyo,
ya shimfiɗa mini tabarma a gidana,
ya ce, "Zauna, baƙo, a kawo ruwa."

Na miƙa masa takarda mai hatimi.
Ya juya ta, ya duba bayanta
kamar mai neman inda waya ta tsinke.
Ya ce, "Na biya Barau shekara biyu gaba."
Na ce, ina shaida?
"Shaidata tana maƙabarta."
Sai ya zaro kwalin ashana
da rubutun da gumi ya cinye.

Na koma Talata, wai ya tafi jana'iza.
Na koma Laraba, sabon kwaɗo a ƙofa,
rediyo bakwai na surutu a ciki,
kowanne da tasharsa,
babu wanda ya amsa sallamata.

Matata ta ce kotu.
Ƙanena ya ce a kware kwanon rufin,
damina ta ƙarasa mana aikin.

Ran da na zo da kafinta
ya tarye mu, ba faɗa.
Ya nuna inda ruwa ke yoyo,
ya nuna azarar da gara ta ci,
rijiyar nan sau tara yana yashe ta,
lemun tsamin nan shi ya dasa
shekarar da aka haifi Ladiyo.
A jikin ƙyaure na ga zanen ƙusa,
tsawon yara uku, shekara bisa shekara.
Ɗaya ya tsaya daidai ƙuguna,
bai ƙara hawa ba.
Ban tambaya ba.

Kafinta ya mayar da guduma cikin buhu,
na biya shi ladan aikin da bai yi ba.

Na ce, "Zuwa kaka."
Ya ce, "Wace kakar?"

Bana ta uku ke nan.
Takardar tana ƙarƙashin katifata.
Duk ƙarshen wata yaro na zuwa
da rabin kuɗin haya
da lemo cikin leda, wai daga bishiyarsa.
Har yau ina jin haushi.
Rediyona dai ya daina shaƙewa.